Surukina, Mai Gyaran Kujeru na Glenwood

Wanda ya ba da rai shi ke da ikon karɓarsa, kuma ya karɓi na surukina a ƙarshen kakar bana, lokacin da ganyen bishiyoyin birnin Greensboro na Amurka ya yi ja yana zuba a kan titi. Washegari aka binne shi.

Ban gayyaci mutanen masallacinmu ba. Liman kaɗai na gaya wa, don kada a neme ni a ranar. Amma da muka isa maƙabartar Yahudawa sai na tarar motoci sun riga mu, ga mutanenmu tsaye a bakin ƙofa cikin manyan riguna, sun rasa ko su shiga ko su jira. Wani dattijon Bayahude yana raba wa maza ƙananan huluna baƙaƙe, domin ba a shiga wurin kai a buɗe. Ya ƙaraso kan namu, ya ga kowa da ƙubensa ko zannarsa, sai ya yi murmushi ya mayar da kwandonsa gefe, ya ce musu bismillah da hannu.

Babba a cikinmu shi ne Alhaji, ɗan Damagaram mai shagon kayan abinci. Da aka kawo akwatin gawa, farin katako ba ko fenti, ya matso kusa da kunnena.

"Malam, an yi masa wanka?"

Na ce an yi, an kuma naɗe shi a farin ƙyalle.

Ya gyaɗa kai, Faransancin ƙasarsu ya kuɓuce masa. "Bon. Ashe su ma haka suke yi."

Da aka fara zuba ƙasa, dangi suna karɓar shebur ɗaya bayan ɗaya, Alhaji ya naɗe hannun rigarsa ya shiga sahu. Ba wanda ya ce masa ya yi, ba wanda ya hana shi.

Su kwana bakwai suke zaman makoki. A gidan marigayin aka yi, can unguwar Glenwood, an lulluɓe madubai, iyali suna zaune a kan gajerun kujeru. Hajiyar Alhaji ta zo da kulolin masa da miyar taushe, ta rungume matata, suka yi kuka tare. Samarinmu kuwa sai da suka tare liman a waje suka tambaye shi abin da za su ce, tunda mamacin ba musulmi ba ne. Ya ce su ce Allah ya ba da haƙurin rashi, kuma su faɗa da zuciya ɗaya. Haka suka riƙa shiga suna faɗa. Sai wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ba ta jira fatawar kowa ba. Ta riƙe hannun wan matata, wanda ya zo daga arewacin ƙasar, ta ce masa da Hausa, "Mahaifinka ya tsaya mana. Allah ya ga tsayuwar da ya yi."

Wan matata ya dube ni don in fassara. Na fassara, sannan na ba shi labarin, domin bai sani ba.

Bayan harin da aka kai da jiragen sama kan dogayen gine-ginen New York a farkon shekarun nan, tsoro ya kama mu. Mata suka daina fita da mayafi su kaɗai, wasu maza suka daina zuwa Juma'a. A Juma'ar farko na fito daga mota sai na hango tsohuwar motar surukina a bakin ƙofar masallaci. Yana zaune a kan wata kujerar naɗewa da ya zo da ita, da jarida a cinyarsa, sandarsa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Shiga ka yi sallarka. Ni zan zauna a nan."

Na ce ai akwai 'yan sanda suna zagayawa.

"Mu ma akwai 'yan sanda a garinmu," in ji shi. "Maƙwabta ne babu. Na san yadda abin yake farawa. Shiga."

Haka ya riƙa zuwa kowace Juma'a har sanyi ya kama sosai, har hankalin mutane ya kwanta. Tsoho ne da ko yaro zai iya ture shi. Amma matan da suka daina zuwa sun dawo, suna wucewa ta gabansa suna cewa "Sannu, Baba," yana ɗaga musu hula.

Wan matata ya share hawaye. Daga nan ya dafa kafaɗata ya ce wa waɗanda ke ɗakin, "Wannan ya fi mu sanin mahaifinmu. Shekara da shekaru shi yake kai shi gidan tarihi. Abin da ya ji a mota, mu 'ya'yansa ba mu ji ba." Kowa ya gyaɗa kai. Alhaji ma ya ce, "Haka ne, Malam ya yi ƙoƙari." Ni kuwa na san abin ba haka yake ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so a san ko wane ne shi, gwargwadon ɗan abin da na sani.

A wani ƙaramin gari a ƙasar Poland aka haife shi, mahaifinsa tela ne. Bai gama zama saurayi ba sojojin Jamus suka kwashe Yahudawan garin a jirgin ƙasa zuwa sansanin da ake kashe mutane. A gidansu shi kaɗai ya fito da rai. Bayan yaƙi ya zo Amurka, aikin masaƙa ya kawo shi Greensboro, daga baya ya buɗe shagon gyaran kujeru a bayan gidansa. Matan manyan gidajen unguwar Irving Park suna aiko masa da kujerun da suka gada daga kakanninsu, ya farke su har ƙashi, ya sake musu ciko da yadi. Yana aiki da ƙananan ƙusoshi cike da bakinsa, yana zaro su ɗaya ɗaya da kan guduma, don haka in ka shiga shagon ka yi magana sai dai ya amsa da gira. Kuma duk gidan da ya shiga, kafin ya zauna sai ya kifar da kujerar ya duba ƙarƙashinta. Ya yi wa liman haka ranar da muka kai masa ziyara. Ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Wa ya yi maka wannan ɓarnar?" Ya sa ta a mota ya tafi da ita.

Gaisuwarsa ɗaya ce ga kowa, babba da yaro: "Ka ci abinci?" In ka tambaye shi lafiyarsa kuma ya ce, "Ina nan dai." Daga baya jikokinsa suka koya masa "da sauƙi," ya riƙe ta, har likitansa yake gaya wa.

Ni daga Kano na zo karatu, na zauna ina koyar da lissafi a wata kwaleji. A jami'a na haɗu da 'yarsa. Ba zan ce ya yi murna da auren ba. Mutumin da aka ƙarar da danginsa, ya ga jikokinsa za su tashi a wani addini, ba abin mamaki ba ne in ya yi makonni ba ya magana. Amma ba addinina ya fi damunsa ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa, na sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mini a yi wa uban matar da mutum zai aura. Bayan na tafi ya ce wa 'yarsa, "Me ya sa ba ya kallon idona? Me yake ɓoyewa?"

Abinci ne ya kawo rigimarmu ta farko. Duk yammacin Juma'a iyali suna taruwa a gidansa, a kunna kyandir, a yanka burodi. Ni kuwa ina jin nauyin in buɗe baki in tauna a gaban surukina. Sai in ce na ƙoshi, ko in ɗan taɓa in ajiye cokali. Ya yi ta haƙuri har wata rana ya buga tafin hannunsa a kan tebur, kofuna suka yi tsalle.

"A gidana ba wanda yake zama yana kallon abinci," in ji shi. "Ko ƙyama kake yi? In abincin Bayahude ne ba ka ci, faɗa mini a fuskata."

Matata ce ta yi magana. Ta ce masa a garinmu mijin 'ya ba ya cin abinci a gaban uban matarsa, ba ya kallon idonsa, ba ya kiran sunansa, kuma wannan shi ne girman da ya fi kowane girma a wurinmu.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya tashi ya ɗauki farantina ya ce, "Biyo ni." Ya kai ni shago, ya share wuri a kan teburin aikinsa ya ajiye farantin, ya juya mini baya, ya watsa ƙusoshi a baki. Kafin ya fara bugu ya ce ta gefen baki, "Ci. Ba na kallo."

Na ci. Kusan shekara guda haka muke yi, ni ina ci a bayansa, shi yana buga kujera, har ranar da na ga rashin kyautawar barin tsoho yana tashi daga teburinsa saboda ni, na koyi ci a gabansa. Ranar ƙara mini nama kawai ya yi.

Da aka haifi babbar 'yarmu ya zo suna da kwat ɗinsa na zuwa biki. Wani ya tambaye shi cikin raha ko yarinyar tasu ce ko tamu. Ya ce, "A wurinku ɗa na uba ne, a wurinmu na uwa ne. Ku bar ta, ta yi sa'a, kowa yana so." A wajen sunan ne na lura ba ya shiga layi. An jera abinci mutane suna bi da faranti, shi ya koma gefe ya zauna. Na ɗauka girman kai ne ko gajiya. Matanmu kuwa suka ga dattijo a zaune, suka kai masa har gabansa suna durƙusawa, abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Sai daga baya na gane ko a banki, ko a kantin magani, in ya ga layi juyawa yake yi ya tafi. Haka kuma in zai tsallaka titi da jikokinsa, riƙon da yake yi wa hannunsu har sai yatsunsu sun yi ja. Autarmu ta sha kawo mini ƙara, cikin Turanci, cewa Kaka yana ji mata ciwo. Na ce ta yi haƙuri, tsufa ne.

Sau ɗaya muka yi sa-in-sa ta gaske. Ana nuna labaran Falasɗinu a talabijin, an ɗauko wani yaro daga ƙarƙashin ginin da aka rusa. Raina ya ɓaci, na manta a gaban wa nake, na ce mutanen da aka zalunta bai kamata su zama masu zalunci ba. Ya kashe talabijin ɗin.

"Ni kake gaya wa?" in ji shi. "Ni kujera nake gyarawa a Glenwood. Ka ɗauka don ni Bayahude ne ban ga yaron nan ba? Na gan shi. Na riga ka ganinsa da daɗewa."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba haƙuri yake so ba, shayi yake so. Ba mu sake komawa kan maganar ba, shi yana nan a kan ra'ayinsa, ni ina kan nawa.

Duk tsawon rayuwar surukata bai taɓa ba da labarin yaƙi ba. Bayan rasuwarta ne wasu tsofaffi irinsa suka neme shi. Suna da gidan tarihi a wani gari a jihar Virginia, tafiyar 'yan sa'o'i daga nan, inda ake adana tarihin Yahudawa da labaran waɗanda suka tsira daga kisan nan. Wasu sun ba da hotunan iyayensu, wasu rigar fursuna, wasu cokali. Shi ya ce musu, "Ba ni da ko hoto ɗaya. Ba abin da zan sa muku a gilashi, sai dai in zo da kaina." Sai ya zama in an kawo 'yan makaranta, a zaunar da shi a gabansu ya yi musu bayani. Idonsa ya fara rauni, ba ya iya doguwar tuƙi. Matata ta gwada kai shi sau ɗaya, ta kasa zama, ta fito tana amai. Daga nan aikin ya dawo kaina.

A hanya shi ke tambaya. Babu abin da bai tambaye ni ba. Yadda ake rini a karofi, da me ake cika katifa a Kano, wane irin mutum ne mahaifina, me mahaifiyata take cewa in ta yi fushi. Ya san sunayen ƙannena duka. Ni kuwa amsa kawai nake bayarwa. Akwai wani wuri da titi yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin dogo. In muka ci karo da jirgin kaya, sai ya bi taragun da kallo ya ce, "Irin waɗannan ne." Sai ya yi shiru yana jira. Ni kuma in ce, "Sannu, Baba," in mayar da idona kan hanya.

In mun isa zai ce, "Za ka shigo?" In ce ina da takardun ɗalibai da zan duba a mota. Ya ce to. Bai taɓa matsa mini ba, bai kuma taɓa fasa tambaya ba.

Na sha gaya wa kaina kunya ce. Yaya zan zauna cikin yara in ga surukina yana hawaye? Yaya zan tone wa babba ciwonsa da tambaya? Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma wata rana da wani abokina ya ce mini a gaban mutane, yana dariya, "Yanzu kai ne direban Yahudawa." Na yi dariya tare da su, maganar kuma ta zauna mini. Zaman mota ya fi mini sauƙi ta kowane gefe.

Tafiyarmu ta ƙarshe cikin hunturu ce. Ƙanƙara ta kwanta a matakalar ginin, ƙafarsa kuma ta yi nauyi, dole na riƙe shi har ciki na zaunar da shi. Na fito na yi azahar a gefen mota. Sanyin ranar ya fi ƙarfin zama a waje, sai na koma na raɓe a bayan ɗakin, bayan ɗalibai da malamansu. Bai gan ni ba, idonsa ba ya kai nan.

Na same shi ya kusa gamawa. Muryarsa ba ta rawa, kamar yana bayanin yadda ake cire tsohon yadi. Ya ce da aka buɗe ƙofar taragu, mahaifiyarsa ta ɗauki hannun ƙaninsa ta sa a nasa, ta ce kada ya sake shi ko me zai faru. Aka raba maza da mata, aka sa su a layi. Wani fursuna da ke kwashe kaya ya raɗa masa cewa ya ƙara wa kansa shekaru, ya ce yana da sana'a, kuma kada a gan shi da ƙaramin yaro. A gaban layin akwai soja yana nuna dama da hagu da yatsa.

"Ina so ku ji wannan da kyau," in ji shi, "domin a wasu wuraren za a ce muku fizge mana su aka yi. Wasu an fizge. Ni ba a fizge nawa ba. Ni na buɗe hannuna."

Can wata yarinya baƙar fata mai gilashi ta ɗaga hannu. Ta ce, "A gida kana ba su wannan labarin?"

Ya ɗan yi murmushi. "'Yata ba ta iya ji, tashi take yi. Ɗana yana nesa. Mijin 'yata mutum ne mai ladabi, ban taɓa ganin irinsa ba. A ƙasarsu ba a yi wa uban mata tambaya. Shi ya sa nake zuwa in gaya muku."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da ya zarge ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka shigo jiharmu, North Carolina. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na ce, "Baba, yaya sunan ƙaninka?"

Bai tambaye ni yadda aka yi na ji ba. Ya juya yana kallon gonakin da suka bushe ta taga, ya daɗe, har na ɗauka na yi laifi. Sai ya faɗi sunan. Na maimaita, ban faɗa daidai ba. Ya gyara mini, na sake, har sai da ya gyaɗa kai.

"Yana da wushirya," in ji shi. "Kuma yana tsoron agwagwar maƙwabtanmu. Sai na ɗauke shi in za mu wuce ta ƙofar gidan." Ya ja bargo ya rufe gwiwarsa. "Sauran sai wata tafiyar. Yau na gaji." Bai jima ba barci ya ɗauke shi.

Na yi ta shirya tambayoyi a raina. Kafin ranar tafiya ta gaba ta zo, maƙwabciyarsa ta same shi a faɗe a shago. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta tafi da hannunsa na dama da maganarsa gaba ɗaya.

Da aka sallame shi daga asibiti muka dawo da shi gidanmu. Matata ba ta iya ɗaga shi, shi kuma ba ya yarda baƙo ya taɓa shi. Ni na riƙa yi masa wanka, ina canza masa kaya, ina ba shi abinci a baki. A lokacin na fara ganin lambar fursuna da aka zana masa a hannu a sansanin nan kusa da kusa, ta yi shuɗi-shuɗi, fata ta tattare a kanta. Na gaya wa mahaifiyata a waya. Ta ce, "Kai kake masa wanka? Surukin naka?" Na ce babu wani. Sai ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa rufe masa jiki da kyau."

A watannin nan na yi masa tambayoyi kamar zan cika rijiya. Yaya gidanku yake? Me mahaifiyarka take dafawa? Wa ya koya maka gyaran kujera? Yana jin komai, idonsa yana nuna ya gane. Leɓensa ya yi ta motsi, sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Wata rana na tambaye shi game da mahaifinsa, ya yi ƙoƙari har gumi ya keto masa, sai ya ɗauki kofin ruwa da hannun hagu ya yi jifa da shi. Daga ranar na daina. Na koma ba shi labarin Kano, tunda shi ya saba ji. A haka muka ci bazara da rani, har ya cika da hantsi, 'yarsa tana riƙe da shi, jikokinsa suna makaranta.

Bayan wata guda da rasuwarsa mutanen gidan tarihin suka nemi mu kawo gudumarsa da hotonsa na shago, za su sa a ɗakin waɗanda suka tsira suka sake gina rayuwa a nan. Muka tafi mu uku, ni da matata da wanta. Matar da ke kula da wurin ta karɓe mu da hawaye, ta ce yara da yawa suna rubuto wasiƙa suna tambayarsa. Ta kai mu wani bango inda aka rubuta sunayen dangin da aka kashe, kowane iyali da nasu. Ta nuna mana sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa. A ƙarƙashinsu an bar wuri.

"Ƙaninsa ne," in ji ta. "Duk shekarun da ya yi yana magana a nan, ƙanena kawai yake cewa. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba, ya ce ba zai iya ba. Ko ku kun sani?"

Wan matata ya girgiza kai. Matata ta ce sai da ta girma ma ta san an yi wani ƙane. Ban yi mamakin shirunsa ba, domin ni ma na tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Abin da ya kama ni shi ne, ashe ranar nan a mota abin da ya fi ƙarfin bakinsa ya ciro ya ba ni, a kan tambaya guda.

Na ce wa matar ta ba mu wuri kaɗan. Da ta fita na faɗa wa 'ya'yansa sunan kawunsu, yadda ya gyara mini shi. Wan matata ya zauna a kan benci ya rufe fuska. Matata ta maimaita sunan a hankali, ta sake maimaitawa.

"Me kuma ya ce?" ta tambaye ni.

Na ce yana da wushirya, yana tsoron agwagwar maƙwabta, sai an ɗauke shi in za a wuce.

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta. "Sai me?"

"Shi ke nan."

"Duk tafiye-tafiyen nan?"

"Shi ke nan abin da na tambaya," na ce mata.

Ta daɗe tana kallona. Ta je ta kira matar, ta karɓi alƙalami, ta ce in faɗa a hankali ta rubuta da hannunta.

Makomarsa tana hannun wanda ya halicce shi, ba ni da ta cewa a nan. Abin da na shaida shi ne ya ciyar da ni, ya tsaya wa mutanena, ya riƙe 'ya'yana da ƙarfi. Allah ya ba 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, mu kuma da muka rage ya sa mu cika da kyau.